Layi Biyu, Sai In Miƙe

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon saƙa. Yau mako 11 ke nan da aka canza mini gwiwoyi, duka biyun a rana ɗaya, kuma mako 9 da na fara riƙe kwarashi a rayuwata. Abin da ke ƙasa shi ne abin da na riƙa rubutawa a bayan littafin da nake ƙirga layi, na ɗan gyara shi don ya karantu. Wadda Allah ya bar wa lafiyar ƙafarta ta tsinci na saƙar. Wadda aka sa wa ranar aiki, ko take jinyar uwa ko miji, ta daure ta karanta duka.

Mako na 2

Ranar kwana 14 aka cire mini ɗinki. Ba zare ba ne, wasu 'yan ƙarafuna ne irin na sitefila, jere reras daga saman gwiwa zuwa ƙasanta. Masu zuwa dubiya duk tambayarsu ɗaya: wai an yanke ƙafar an dasa wata? A'a. Sanyin ƙashi ne ya cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, har ƙashi yana gugar ƙashi, ƙafafuna suka lanƙwashe kamar baka. Likita ya fere bakin ƙasusuwan, ya rufe su da ƙarfe, ya sa wata roba mai tauri a tsakani. Wasu Indiya suke tafiya, wasu Masar. Ni a nan Kano aka yi mini.

Barci ne ya gagara. Da rana akwai hira, amma daga ƙarfe 1 na dare sai ni da ƙafafuna da kukan karnuka. Shi ya sa 'yata ta biya Kasuwar Sabon Gari ta sayo mini kwarashi mai lamba 4 da dunƙulen ulu uku, ta ce, "Umma, ki samu abin da zai ɗauke miki hankali." Shekara 35 na yi ina riƙe alli, amma sarƙa, wato jerin madaukai (ido) da ake fara saƙa da shi, abin da yarinya 'yar shekara bakwai ke yi tana kallon talabijin, ta kai ni kwana uku. Ina matse zaren kamar wani zai ƙwace, har kwarashin ya kasa komawa cikin idon da ni na yi shi da hannuna. Ku da kuke farawa, in sarƙarku tana matsewa, ku yi ta da kwarashi mai lamba 5, sannan ku koma 4 a layin farko.

Mako na 3

Aikina na farko ba hula ba ce, ba safa ba. Rigar ƙanƙara ce.

An ce in riƙa ɗora sanyi a gwiwa minti 20, sau uku ko huɗu a rana. To wuta sai ta ga dama. Jikana ke zuwa wurin masu sayar da ƙanƙara ya ciko kula da fiya wata daskararre. Da tawul muke naɗewa, yana zamewa, ya jiƙa zanin gado. Kuma ba a ɗora shi kai tsaye a fata, musamman ma da yake gefen tabon ta waje ya mutu murus, ko tsunkula na yi ba na ji. An ce wata 'yar jijiyar fata ce ake ratsawa wajen yanka, kusan kowa yana samun haka. Inda ba ka ji kuwa, sanyi zai iya ƙona ka ba ka sani ba.

Sai na ce bari in saƙa 'yar jaka da za ta ci leda biyu a jere, da igiyar ɗauri. Na fara da ido 28. Da na kai layi na 12 na ƙirga, 21 na tarar. Abin ya fito kamar siket. Na rantse ulun ne ba shi da kyau, sai da maƙwabciyata da ta iya ta leƙo, ta duba, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ashe sau da yawa a ƙarshen layi ina tsallake idon ƙarshe, wanda ke kan sarƙar juyawa, saboda ɓoyewa yake yi. Ta ce in riƙa maƙala fil a idon farko da na ƙarshe. Na warware duka. Ta biyu ta fito daidai, kuma har yau ita nake amfani da ita.

Mako na 4

Wannan makon ne dalilin rubutun nan, don haka ku yi haƙuri in ya yi tsawo.

Hannu ya faɗa. Na iya dogon ido, na daina kallon yatsuna. Matar ɗana tana da ciki, haihuwa cikin sanyi, na ƙudurta ni zan saƙa shawul ɗin suna: ido 120 a faɗi, fari da ruwan toka. Ku da kuka ɗanɗana kun san yadda abin yake shiga rai. "Bari in ƙarasa layin nan." Daga bayan karin kumallo sai in ji kiran azahar. Ina nutse cikin kujerar falo mai laushi, ƙafa a rataye, in ta dame ni in miƙe ta in tura matashi ƙarƙashin gwiwa, don nan ne daɗin yake. Kowa a gidan yana murna, Umma ta daina ƙorafi. Motsa jikin da aka ba ni sau uku a rana ya koma sau ɗaya, shi ma a gurguje.

Kwana shida ina haka. Ranar Talata likitan fisiyo ya zo, yaro ne sa'an autana. Ya fito da ma'auninsa, wata rula mai hannu biyu da da'ira a tsakiya, 'yar uwar wadda na shekara ina koya wa yara auna kusurwa da ita. Ya auna, ya sake aunawa. Gwiwar dama da lanƙwasawarta ta kai digiri 95 ta dawo 88. Hagu daga 82 ta koma 76, kuma ta ƙi miƙewa sosai, hannunsa yana wucewa ta ƙarƙashinta. Idon sawuna sun kumbura har silifas ya ƙi shiga.

Ya ce, "Mama, me ya canza a makon nan?"

Na ce babu komai. Jikata ta tsoma baki, "Kaka saƙa take yi tun safe." Yara!

Ya ɗaga shawul ɗin ya yaba, sannan ya zauna ya yi mini lissafi, ni malamar lissafi. Tafiya a fili tana buƙatar gwiwa ta lanƙwasa kamar digiri 65. Hawa bene ya haura 80. Tashi daga kujera ya ɗan wuce 90, sauka daga bene kusan 100. A makonnin farko jiki yana saƙa tabo a cikin gwiwa, in ba a motsa ta ba tabon ya ƙame ya ɗaure ta a inda ya same ta. In aka kai mako shida zuwa goma sha biyu ba a wuce 90 ba, ana iya mayar da mutum ɗakin tiyata a sa shi barci a lanƙwasa ƙafar da ƙarfi. Matashin da nake turawa kuwa, shi ke koya wa gwiwa zama a tanƙware. Sannan dogon zama ƙafa a rataye yana gayyatar daskarewar jini a jijiya, abin da aka yi ta tsira mini allura a ciki dominsa bayan aiki. Ya ce in na ji sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi, ko tabon ya fara ruwa, kada in jira ranar zuwansa, asibiti kai tsaye.

Ranar nan gwiwata ta yi sanyi, kuma ba da ƙanƙara ba. Na cusa shawul a ƙasan akwati na ce na bar saƙa. Da daddare na kwanta ina tunani: jikina yana saƙa tabo, ni ina saƙa ulu, shi kuma ba ya hutawa. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Amma laifin ba na kwarashi ba ne. Da asuba na ciro shawul na kafa wa kaina doka: layi biyu, sai in miƙe. A saurina na lokacin layi ɗaya minti 14 ne, biyu sun kusa rabin awa. Da na kai fil ɗin ƙarshe na biyu zan ajiye, ko da daɗin hira ake, in kama ƙarfen dogarawa in je ƙofar zaure in dawo. Jikoki suna kiransa keken Kaka, wai irin na ƙaninsu mai koyon tafiya.

Na kuma yi hijira daga kujerar falo zuwa ta katako mai tsayi da hannuwa.

Mako na 6

Dama 104, hagu 93. Na tsallake 90, alhamdu lillahi.

Ga yadda na haɗa su. Layin farko ƙafafuna a miƙe, dunduniya kan ƙaramar kujera, babu komai ƙarƙashin gwiwa, nauyinta yana danna ta ƙasa. Minti biyar na farko lafiya, daga nan sai ka ji kamar ana jan igiya a bayan ƙafa, ƙirga ido ne yake hana ni saukewa. Layi na biyu in sauke, in sa leda ƙarƙashin tafin ƙafa don ta yi santsi a kan tayil, in riƙa janyo ta baya ƙarƙashin kujera kaɗan-kaɗan. Idon sawu kuma kullum yana aiki sama da ƙasa kamar mai taka keken ɗinki. A gado, da tsohon gyale nake zargo tafin ƙafa in jawo dunduniya wajen cinya, sau goma kowace. Hagu takan sa ni hawaye. Na koyi shan maganin ciwo kamar rabin awa kafin in fara, ba bayan na gama kuka ba.

Mai gwiwa ɗaya yana da ƙafar da zai jingina a kai. Mu masu biyu babu, sai hannu. Don haka kafaɗa da wuyan hannu suna shan wahala wajen tashi, kuma saƙa ta ƙara musu. In babban yatsa ya fara zogi, ranar layi huɗu kawai nake yi.

Maganar da mata suka fi yi mini a kunne ita ce ta bayi da salla. Masan tsuguno kam an yi sallama da shi, tun kafin aiki ɗana ya sa aka ɗora na zama, aka kafa ƙarfen riƙewa a bango. Alwala a kan kujerar roba, jikata tana zuba mini ruwa da buta a ƙafa. Salla a kujera. Abin ya tsaya mini a rai kwarai, sai da malaminmu na Islamiyya ya tuna mini abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana bin Husaini da ba shi da lafiya: ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Yanzu ina kabbara da karatu a tsaye, in yi ruku'u, sujada ce nake zama in yi nuni. Zaman tahiya a ƙasa yana son gwiwa ta naɗe kusan digiri 150, galibin masu irin aikina kuwa wajen 110 zuwa 120 suke tsayawa. Ban sa rai ba, ban kuma cire ba.

Mako na 8

Ulu ruwan toka ya ƙare a tsakiyar aiki. Aka sayo wani, kamfani ɗaya, launi ɗaya a ido. Sai da na yi layi shida na fita tsakar gida cikin rana na ga sabon ya fi duhu. A jikin takardar kowane dunƙule akwai lambar rini, ban da lambar launi. Ku saya isasshe lokaci guda, ku duba lambar ta zo ɗaya. Ban warware ba, na raba su da farin layi, ya zama kamar da gangan.

Na ajiye keken Kaka na koma sanda. Matakala uku na ƙofar gida: hawa da dama, wadda ta fi ƙarfi, sauka da hagu.

Wata 'yar uwa ta zo dubiya da man zafi a kwalba, ta dage sai an gasa mini ƙafa da tafasasshen ruwa kamar mai jego, wai ƙanƙara ce ke ƙara sanyin ƙashi. Na karɓa na yi godiya na ajiye a saman firji. Fatar da ba ta jin tsunkuli ba zan miƙa ta ga tafasasshen ruwa ba.

Mako na 11

Jiya aka auna: dama 116, hagu 108, dukansu suna miƙewa daram. Har yanzu da yamma sukan yi ɗumi su ɗan tasa, an ce hakan yana iya ɗaukar watanni. In ina tafiya ina jin wani ƙas-ƙas, ƙarfe da roba ne ke gaisawa, jikoki har layi suke yi su kara kunne. Na tambayi likita shekara nawa abin zai yi. Ya ce wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 82 cikin 100 na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25. Ni da ke da 63, na ce Allah ya nuna mana.

Layi ɗaya yanzu minti 8 yake ɗaukata, don haka dokar ta koma layi uku. Shawul ya kai santimita 85, ina son 110, saura mako uku a kan lissafin ungozoma. Gefensa ne ya tsaya mini: na gwada bakin nan mai kama da ƙwaryar kifi a wani ɗan ƙyalle, yana tattarewa a kusurwa, na sa ido biyar ya yi kaɗan, bakwai ya yi tuƙu. Wadda ta taɓa yin sa a kan dogon ido ta gaya mini nawa take zubawa a kusurwa, kafin in kai wurin. Na kai fil, bari in ɗauki sanda.