Daga Samaru zuwa Sabon Garin Kano: yadda muka haɗa lasifikar wasan kwaikwayo

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ƙarama ce, a Samaru take, kuma yawancin wasanninmu a ƙauyuka muke yin su, a ƙofar fada ko a filin firamare. Ba mu muka buɗe wannan hanya ba. Tun wajajen ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suke fita da wasa cikin jama'a, su je irin su Maska da Bomo. Abin da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya shi ne murya. A dandalin jami'a akwai bango, yana maido wa mai kallo magana. A fili kuwa iska ce take kwashe ta, na gaba su yi dariya, na baya su riƙa tambayar me aka ce. Idan muka yi hayar kayan masu kiɗan biki, kuɗin haya da na man janareto su cinye ɗan abin da muka tara, ga rurin janareton ya danne 'yan wasa. Shi ya sa muka yi karo-karo, aka ɗora mini tafiya Kano sayen kayan sautinmu tare da wani matashi cikinmu da ya karanci lantarki.

Da sassafe muka hau mota a Kwangila. Kaka ta shigo, dawa ta sunkuya a gonaki, masu rake sun jera kayansu a Tashar Yari. Muka wuce Kwanar Dangora, muka ratsa fadamun shinkafa na Kadawa da Kura, kafin hantsi ya dubi ludayi mun shiga Na'ibawa. Daga nan muka tari A Daidaita Sahu zuwa Sabon Gari.

Wanda bai taɓa shiga layin masu kayan sauti na wajen France Road ba, sai ya shirya kunnensa. Kowane shago ya jera sifikoki har rufi, kowa ya ƙure nasa kiɗan. Duk inda muka tsaya muka ce muna son kayan wasan kwaikwayo, sai a kunna mana wata ƙatuwar akwati, a murɗa mata gangar ƙasa har ƙirjinka ya riƙa rawa, a nuna mana kwali an rubuta wat dubu kaza. Ban ga laifin 'yan kasuwar ba, abin da masu biki suke nema ke nan, kuma su ne masu saye. Amma mu ba bugun ƙirji muka zo nema ba. So muke tsohuwar da ta leƙo ta kan danga ta ji bambancin "ya saya" da "ya sayar", domin wani lokaci duk labarin wasan a kan irin wannan ɗan bambanci yake tsaye.

Wani mai sayar da wayoyin lantarki ne ya ga muna ta zagaye, ya nuna mana rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya (na'urar ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika) a wani lungu. Muka gaisa, ya ba mu benci, ya ajiye ƙarfen liƙinsa.

"Malam, kiɗa za ku yi ko magana?"

"Magana ce, Baba, sai ɗan kalangu da sarewa."

"A ɗaki ko a fili? Kuma da me za ku ɗauki kayan?"

Na ce a fili, kuma sau da yawa babur ne kaɗai yake iya shiga inda muke zuwa. Ya jinjina kai ya ce to mu manta da manyan akwatunan nan, mu fara daga sifika kafin amfilifaya. A nan na fi daɗewa a duk tafiyar, kuma a nan na fi ƙaruwa. Shi yana faɗa da harshen sana'a, abokin tafiyata yana fassara mini da lissafin makaranta, kuma maganarsu ta zo ɗaya. A fili, duk lokacin da nisanka da sifika ya ninka, sauti yana faɗuwa da desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne), wato kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinsa ne yake isowa. Idan kuma kana son ƙarin desibel 3 kacal daga amfilifaya, sai ka ninka wat ɗinta, wato ƙarfin wutar da take bai wa sifika, batir ya ci ninki biyu. Saboda haka sifikar da take ba da ƙara mai yawa da wuta kaɗan ta fi mana amfani a kan amfilifaya mai ƙarfi. Wannan ne dalilin da lasifikar masallaci take kai kiran salla ƙarshen unguwa da 'yar wuta kaɗan, sai dai tana siranta murya, ba ta dace da wasan da ake son a ji fushi da lallashi a cikin magana ba.

Muka tsaya a kan sifika biyu masu inci 10, kowace om 8 (ma'aunin juriyarta ga wuta), da ɗan ƙaho na siririn sauti a saman kowace, an sa masa kafasita don kada kaurin sauti ya ƙona shi. Amfilifayar kuwa, da Baba ya ɗauko ta na zaci wasa yake yi: ɗan allo ne da bai fi tafin hannu ba, mai ƙwaƙwalwar TPA3116, irin wanda ake kira aji D. Ba ya zafi sosai, ba ya ɓarnar wuta. Ya bayyana mana cewa a kan batir ɗaya na bolt 12 da ƙyar kowace sifika za ta samu wat 10, amma idan aka jera batir biyu suka zama bolt 24, za ta haura wat 30. Muka sayi ƙananan batura biyu irin na injin riƙe wutar kwamfuta, kowanne bolt 12, amfiya-awa 7 (yawan wutar da yake ajiyewa).

Gargaɗinsa uku na rubuta a bayan rasit. A sa fis dab da kan batir, domin waya biyu in suka haɗu cikin akwatin katako gobara ce. Kada a yi cajin batura alhali allon yana haɗe, saboda wutar caji tana haura bolt 26 da allon yake iya ɗauka. Kuma kada a bar irin wannan batir ya sauka ƙasa da rabi, in ana son ya daɗe.

Makirfo ne ya fi jawo mana gardama ni da abokin tafiyata. Shi yana son kowane ɗan wasa ya samu nasa marar waya, ni kuma ina duba aljihu da kuma yawan ƙananan baturan da za mu riƙa saye kowane wasa. A ƙarshe muka ɗauki masu waya biyu, irin waɗanda ba sa buƙatar wuta, ɗaya na mai gabatarwa ɗaya na makaɗi, da marasa waya biyu na ɗaurawa a kai don manyan 'yan wasa. Muka haɗa da ƙaramar mikisa, wato na'urar haɗa sautin makirfofi da daidaita shi, mai aiki da bolt 12, da ɗan allon da zai sauke mata wuta daga 24. Baba ya liƙe mana komai da dalma a gabanmu, ya ƙi yarda a murɗa waya da hannu a naɗe da salatif. Da na tambayi kuɗin aikinsa, abin da ya faɗa bai kai hayar kayan biki na yini ɗaya ba.

Washegari muka koma Na'ibawa, kasuwar 'yan katako. Wani kafinta ya yanka mana filawud mai kaurin milimita 12, ya haɗa akwatuna biyu da gam da sukurori, ya lulluɓe cikinsu da soson katifa, ya sa musu hannu da ramin sanda a ƙasa. Akwati na uku na batura da mikisa ne. Na ɗaga kowanne da hannu ɗaya kafin na biya.

Gwajin farko a wani ƙauye ne a ƙasar Makarfi. Mota ta sauke mu a bakin titi, muka ɗaure sifikokin a babur ɗaya, akwatin batura a wani, muka bi 'yar hanya tsakanin gonakin rake. Mai gari ya tarbe mu da fura, ya ba mu filin ƙofar gidansa bayan la'asar.

Jama'a sun saba yin da'ira su kewaye 'yan wasa, amma wannan karon muka roƙe su su zauna kamar kofaton doki, su bar bayanmu a buɗe. Dalili shi ne makirfo ba ya son fuskantar sifika. Da zarar ya ji abin da ita take fitarwa, sai wannan kuwwa mai tsaga kunne ta tashi. Muka kafa sifikokin a kusurwoyin gaba, a kan sandunan ƙarfe, sama da kan mutum tsaye, don kada jikin 'yan sahun farko ya shanye sautin. Sannan na tura abokin tafiyata can bayan fili, kusa da dangar da mata suke taruwa, na riƙa karanta jarida a makirfo yana maimaita abin da ya ji. Muka rage kaurin sauti a mikisa, muka ɗan ɗaga na tsakiya, har ya daina cewa in sake. Da toka muka ja layi a ƙasa, muka ce wa masu makirfon kai kada wanda ya tsallake shi.

Wasan a kan rikicin iyakar gona ne tsakanin wa da ƙani. Akwai wurin da ƙanin yake magana ƙasa-ƙasa da matarsa da dare, wurin da a da dole ɗan wasan ya yi ihu, abin ya ɓace. Ranar ya faɗe shi a hankali yadda aka tsara, sai ga salati ya tashi daga wajen mata, wata dattijuwa ta ɗaga murya ta ce masa ya ji tsoron Allah. Raina ya yi fari ƙal. Carar zakara da tsawa daga waya muka kunna su, ta igiya ba ta Bluetooth ba saboda yana ɗan jinkiri, wayar kuma a kulle daga kira. Sau ɗaya kuwwa ta tashi, lokacin da wan ya bi ƙanin da gudu ya haye layin toka, yaron da ke kan mikisa ya yi maza ya sauke.

Da aka tashi dab da magariba muka auna batura, kowanne yana kan bolt 12.4, wato ko rabi ba mu ci ba. Abin da ya bayyana muna buƙata shi ne rigar yadi ga akwatunan, domin ƙurar hanya ta shiga ƙahonin tun kafin hunturu ya kankama, da kuma ƙaramin faifan sola da na'urar daidaita caji saboda garuruwan da za mu kwana. Wani mai unguwa daga ƙauyen gaba ya nemi mu kai musu wasan ranar kasuwarsu. Hayaniyar kasuwa ta fi ƙarfin akwatuna biyu, don haka muka yanke shawarar ƙara lasifikar masallaci guda ta kiran jama'a, mu kuma sa wasan da yamma bayan kasuwa ta fara watsewa.