Ɗan jarida ya wargaza jiragen yaƙi da fassara

Yau da safe wani shafin labarai ya fassara kanun Turanci mai cewa an yi "scramble" da jiragen yaƙi, ya rubuta wai an wargaza su. Alhali jirage lafiyarsu ƙalau. A bakin sojan sama, kalmar umarni ce matuƙa su ruga su tashi cikin 'yan mintoci su tare jirgin da ya shigo, kamar yadda matuƙan Ingila suka riƙa yi a 1940. Kalmar "scramble" tana da ma'ana da yawa, dabarar fassara ta ita ce a duba abin da ya biyo bayanta. In ƙwai ne, kaɗawa ce, a yi ta juyawa a kasko. In tashar dikoda ce, an hautsina siginar ne saboda kuɗinka ya ƙare. In "up" ya biyo, hawan dutse ne da hannu da ƙafa.

In kuwa "for" ne, rububi ke nan, irin wawason da Turawa suka yi wa Afirka, aka zauna a Berlin daga 1884 zuwa 1885, daga baya Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi hannun Faransa. Ni dai abin da ke damuna, dubban mutane sun karanta kanun nan, kuma har yanzu ba a gyara ba.