Abin da korona ta koya wa masu lissafin kasafi a Kaduna

Kuskuren da ya fi ciwo a 2020 shi ne ɗaukar ƙiyasin kason Abuja tamkar kuɗi ne a aljihu. An gina kasafin tarayya a kan gangar mai dala 57, jihohi suka bi sahu, aka soma bayar da kwangila tun farkon shekara. A Afrilu ganga ta faɗo ƙasa da dala 20, daga baya aka mayar da ma'aunin kasafin dala 28. Kaduna ta zabtare nata kasafin daga naira biliyan 259 zuwa wajen 223. To amma ɗan kwangilar da ya riga ya jibge rodi da siminti a wurin aiki ina ruwansa da gyaran kasafi? Takardar biyansa yake yawo da ita ofis-ofis.

Wanda bai taɓa zama a teburin lissafin kasafi ba bai san kason FAAC, wato kuɗin da ake raba wa jihohi duk wata daga asusun tarayya, ba ya isowa ɗungurungum. Tun daga Abuja ake zare bashin waje. Da aka karya naira a Maris, dala ta tashi daga 306 zuwa 360, kason ya ɗan kumbura a takarda, bashin dala ma ya kumbura tare da shi, Kaduna kuwa tana sahun gaba a bashin waje. Saboda haka daga ragowar ake fara lissafi: a ware albashi da fansho, sannan a duba ko akwai na titi.

A Amurka an ware wa jihohi da ƙananan hukumomi dala biliyan 150, suna ta jayayya kan ƙari. Mu nan abin da ya zo shi ne dakatar da cire bashin tarayya na ɗan lokaci, wanda jinkiri ne, ba yafiya ba, sai dala miliyan 5 ta SFTAS, shirin Bankin Duniya na gyara harkar kuɗin jihohi, ga jihar da ta wallafa gyararren kasafi kafin Yuli ya ƙare. Waɗanda suka tsefe kasafin layi-layi ana cikin kulle har aka cika sharaɗin, ba a ji sunansu ba ranar rabon yabo, alhali wasunsu an yanke musu kwatan albashi.

Asusun bai-ɗaya, inda Kaduna ke tara duk kuɗin gwamnati wuri guda, ya yi rana. Harajin cikin gida ma ya haura biliyan 50 duk da rufe kasuwanni. Tallafin da bai shigo asusu ba kuwa, kada a kuskura a rubuta shi a ɓangaren kuɗin shiga.