Abin da kamarar waya ta koya min a ɗakin gashi da filin ƙwallo

Ni dai aikina gashi ne, fisiyo kenan, da safe ina asibiti da masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda aka cire wa filasta, bayan la'asar kuma ina taimaka wa wani kulob na matasa a unguwarmu nan Kano, ba biyana suke ba, sha'awa ce kawai. Kuma a wuraren nan biyu kayan aikin da na fi ɗauka yanzu wayata ce da ɗan ƙarfen nan mai ƙafa uku da ake kafa ta a kai. Shi ne na ce bari in rubuta abin da na fahimta game da ɗaukar bidiyo, ko wani koci ko ɗalibi zai tsinci wani abu.

Idonmu fa ba ya kama motsi yadda muke zato. Akwai jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa da ake kira ACL, wadda in ta tsinke ɗan ƙwallo sai ya yi watanni a zaune. Masu bincike a Oslo ta Norway sun bi bidiyoyin 'yan wasa mata da suka tsinke ta, suka gano cewa ɓarnar tana faruwa ne cikin kamar kashi 40 cikin 1000 na sakan bayan ƙafa ta taɓa ƙasa. To ka lissafa, bidiyon waya na yau da kullum hoto 30 yake ɗauka a sakan, wato duk abin zai wuce ne a hoto ɗaya da ɗan ɗoriya, amma in ka sa wayar a tsarin nan mai rage gudu na hoto 240 za ka samu wajen hoto 10 da za ka bi ɗaya bayan ɗaya. Wane koci ne zai tsaya a bakin fili cikin ƙura da ihun 'yan kallo ya ga wannan da idonsa? Babu shi wallahi, komai daɗewarsa a harkar.

Abin ma ba sabo ba ne. Tun 1878 wani mai hoto Eadweard Muybridge ya jera kamara 12 a Kalifoniya don a raba gardamar ko doki yana ɗauke ƙafafunsa huɗu gaba ɗaya daga ƙasa in yana sukuwa, kuma yana ɗaukewa ɗin, amma lokacin da ya tattare su a ƙarƙashin cikinsa ne, ba lokacin da ya miƙe su ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna zanawa. Mu da muke kallon sukuwa duk hawan sallah, wa ya taɓa lura da haka?

Wani binciken da ya canja min tunani shi ne na Italiya da ya fito a 2020, sun duba bidiyon raunin ACL guda 134 na ƙwararrun 'yan ƙwallo maza, sai ga shi kashi 12 cikin 100 ne kawai aka doki gwiwar kai tsaye. Sauran ko dai ba wanda ya taɓa ɗan wasan sam, ko kuma an ɗan ture shi a jiki kafin ya taka, kuma da yawa yana tafiya ne da gudu zai ƙwace ƙwallo sai ya taka birki. Mu kuwa a filayenmu da yaro ya faɗi sai a ce keta aka yi masa, a hau faɗa da alƙalin wasa, ba mai tambayar ya yake dira, ya yake juyawa.

Amma fa ɗaukar bidiyon kanta sana'a ce, nan ne mutane da yawa suke ɓata lokacinsu. Sai ka ga koci ya riƙe waya a hannu yana bin yaro yana jujjuyawa, wannan ya yi kyau a ɗora a Facebook amma ba za ka auna komai da shi ba. Kafin in danna sai na san tambaya ɗaya da nake neman amsarta. In dirar yaro nake son gani, kamara tana gabansa sosai daidai tsayin gwiwa, in tafiya ce ko gudu tana gefe, tana kallon hanyar a miƙe ba a karkace ba, in ja baya kaɗan kada in matso, don da ka matso ko ka karkata sai gwiwa lafiyayya ta fito kamar ta lanƙwashe. A ɗakin gashi na manna salatif a ƙasa inda ƙafafun ƙarfen suke tsayawa, a fili kuma toka nake zubawa in ja layi, saboda in wurin kamara ya canja tsakanin bidiyon farko da na biyu to kwatancin ya tashi a banza. Ga maganar haske, hoto 240 yana shan haske sosai, a cikin ɗaki sai ya yi duhu, in doguwar fitilar nan ce ma sai ka ga hoton yana ƙyafƙyaftawa, gara ka fito baranda ka ba rana baya.

Akwai manhaja ta kyauta Kinovea da nake sawa a kwamfuta, tana jera bidiyo biyu gefe da gefe, kana iya jan layi ka auna kusurwar gwiwa. Manyan kulob suna da su Dartfish da Hudl, manyan ɗakunan bincike kuma suna da kamarori masu yawa irin na Vicon da ake manna wa mutum 'yan ɗigo masu ƙyalli a jiki. Mu kamara ɗaya gare mu, kuma kamara ɗaya ba ta ganin murɗawar ƙafa, shi ya sa ba na rantsuwa a kan bambancin digiri 2 ko 3. Ina ganin ɗalibai suna zuwa da lambobi suna murna, sai in ce musu ku bi a hankali, ɗan gocewar yatsa wajen jan layin ma ya isa ya ba ku wannan.

Inda abin ya fi taɓa min zuciya shi ne lokacin da mutum ya ga kansa. Akwai wani ɗan bayanmu, dogo, ƙarfi kamar me, na sha ce masa gwiwarsa ta hagu tana faɗawa ciki in ya dira, sai ya ce Dakta ai a miƙe take. Sai na sa shi ya diro daga kan benci, na tsayar da hoton daidai inda tafin ƙafarsa ya gama zama a ƙasa, na miƙa masa wayar ban ce komai ba. Gwiwar ta shige har tana neman taɓa 'yar'uwarta, babban yatsa yana waje ita tana ciki. Ya daɗe yana kallo yana mayarwa baya da kansa, sannan ya ce, "Dakta wallahi ban san haka nake yi ba." Gani ya kori ji, daga ranar ba sai na bi shi da magana ba.

A asibiti kuma darajar bidiyon wata iri ce daban. Mai shanyewar ɓarin jiki sauƙinsa a hankali yake zuwa, shi da yake cikin jikin ba ya ji, 'yan gida ma da suke ganinsa kullum ba sa gani, sai a fara cewa kuɗin mota kawai ake ɓatawa. Wani dattijo da 'ya'yansa suke kawo shi ya ce min shi ya gaji, bai ga amfanin zuwan ba. Na ce Baba a yi haƙuri a duba wannan, na jera masa tafiyarsa ta farkon zuwa da ta ranar. A ta farko yatsun ba sa ɗagowa, sai ya ɗaga ƙugu ya zagayo da ƙafar ta gefe kafin ya ajiye, kuma da ta taɓa ƙasa yake sauri ya koma kan mai lafiyar, alhali a tafiyar lafiyayye ƙafa tana yin wajen kashi 60 cikin 100 na taku a ƙasa. A ta biyu zagayen ya ragu, dunduniya ta fara riga yatsu sauka, har hannun ɗansa da yake riƙe da shi ya koma taɓawa kawai. Ya ce, "Ikon Allah, yaro sake nuna min." Babban ɗan ne ma ya fi shi yin shiru. Sun ci gaba da zuwa.

Duk da haka ba kowa nake nuna wa ba, kuma ba ko yaushe ba. Mutumin da bai taɓa ganin yadda ciwo ya mayar da tafiyarsa ba, in ka ɗora masa waya a gaba ba shiri kana iya karya masa zuciya, sai na tambaya tukuna, kuma na fi son in jira har in samu bidiyo na biyu da zai ga ci gaba. A fili ma haka, abu ɗaya nake nuna wa yaro ko da na ga biyar, kuma ba bayan kowace dira ba, don in ya saba sai ya kalli waya kafin ya san ya yi daidai to ranar wasa ba waya. Kalmomin ma na canja su, maimakon in ce daidaita gwiwarka sai in ce dira kada in ji ƙara, ko gwiwarka ta nuna min wancan turken, jiki ya fi saurin ɗaukar irin wannan.

Abin da ba na so ko kaɗan shi ne kocin da zai yanko kuskuren yaro ya watsa a gurup ɗin WhatsApp ana ta dariya. Yaron nan ba zai sake sakin jiki a gaban kamara ba. Na asibiti ya fi muni, ana ɗora marasa lafiya a TikTok don talla, fuska a buɗe. Tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane, amma ko ba doka ai amana ce. In mace ce abokiyar aikina ce take ɗauka, daga ƙugu zuwa ƙasa, da wando a ƙarƙashin zani yadda gwiwa za ta fito, kuma izinin ita mai jikin ake nema ba na wanda ya rako ta kaɗai ba, in an gama a kwashe daga waya a goge.

Sai rigimar komawa wasa, wadda ba ta ƙarewa. Bayan aikin ACL bincike ya nuna wanda ya koma kafin wata 9 ya fi haɗarin sake tsinkewa, amma fainal ta zo, koci yana cewa Dakta ai yana gudu lafiya lau. Nan bidiyo yana taimakona, in sa yaron ya dira da ƙafa ɗaya ɗaya, kowa ya ga yadda yake tausayin mai ciwon. Sai dai kamara ba ta auna ƙarfin cinya, ba ta ganin tsoro, dole in gwada da hannuna in kuma zauna da shi mu yi magana.

Yanzu mun ɗauki ɗumin jikin nan na FIFA 11+, minti 20 ne kafin tirenin, ba ya buƙatar kayan aiki, kuma an gwada shi a kan matasan 'yan ƙwallo a Legas aka wallafa a 2014 cewa ya rage rauni da kashi 41 cikin 100. Yaran da farko ƙorafi suke wai yana cinye musu lokacin buga ƙwallo, da suka ga bidiyon dirarsu sai ƙorafin ya ragu. Na kuma lura cewa wasu suna dira tsaf da farkon tirenin amma da gajiya ta kama su sai gwiwa ta fara faɗawa ciki, don haka yanzu sau biyu nake ɗauka, da farko da kuma dab da magariba kafin haske ya tafi, kuma na ƙarshen nake ba koci ya duba.