Zaman rana a bikin finafinai

Wanda yake son sanin ko bikin baje kolin finafinai yana da rai, ya je da hantsi ko bayan azahar, lokacin da ake haska gajerun finafinai da dokumentari, ya duba yawan mutanen da ke zaure. Daren raba kyaututtuka kowa yana zuwa: manyan baƙi, 'yan jarida, jarumai cikin shadda da leshi, da samari masu neman ɗaukar hoto da su. Amma fim ɗin da ake miƙa wa kyautar, da yawa daga cikin masu tafin ba su gan shi ba. Ni zaman rana nake halarta, kuma abin yana damuna yadda kujeru suke zama wayam a daidai lokacin da ake nuna aikin da aka taru dominsa.

Tun 2018 muke da bikin finafinai na ƙasa da ƙasa a nan Kaduna, wanda aka fi sani da KADIFF. Yakan faɗo a watan Agusta, tsakiyar damina, lokacin dogon hutun makarantu, don haka malamin makaranta irina yana da sarari. In hau Keke Napep daga Tudun Wada, lema a hammata, jadawalin finafinan a waya. Abuja ma ba ta yi nisa ba tun da jirgin ƙasa ya fara tashi daga Rigasa a 2016, kuma can ake yin bikin Zuma na Hukumar Finafinai ta Nijeriya. Legas tana da AFRIFF, wanda aka fara a 2010, da iREP da ya keɓanta da dokumentari, sai dai kuɗin mota da masauki a Legas ba abin da albashin malami yake ɗauka kowace shekara ba ne. Babban su duka a nahiyar nan shi ne FESPACO na Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, wanda aka fara a 1969, yanzu ake yin sa shekara biyu-biyu. Mutumin da ya fara cin babbar kyautarsa a 1972 maƙwabcinmu ne, Oumarou Ganda na Nijar, kuma sai a 2007 ɗan Nijeriya, Newton Aduaka, ya ɗauko ta. Ina da burin in ga Wagadugu da idona in Allah ya ba da iko.

Jadawalin biki kamar dilar gwanjo ce a Kasuwar Barci: sai ka tsuguna ka tona. Za ka ci karo da fim ɗin da sautinsa ya lalace har ba ka jin abin da ake faɗa, da wanda ɗalibi ya yi don cika sharaɗin makaranta, da wanda wata ƙungiya ta biya don a yabi aikinta. Ka daure ka zauna. A tsakaninsu ne ake samun wanda zai bi ka har gida.

A wani irin wannan zama na ga ɗan gajeren dokumentari a kan wani dattijo mai fito da kwalekwale. Wata matashiya ce ta ɗauke shi, da kyamara ɗaya da wani ƙanenta mai riƙe mata makirufo. Babu kiɗa, babu mai sharhi a bayan hoto. Dattijon yana tuƙi yana ba da labarin shekarar da ruwa ya ci masa yaro, ɗan yayansa da yake koya wa sana'ar. Yana cikin magana sai ya yi shiru. Ya ci gaba da tura gora, ruwa yana bugun gefen jirgin, kyamara tana kansa. A talabijin da tuni an yanke wurin, an sa algaita mai ban tausayi. Ita ba ta yanke ba. Ta bar shi ya gama shirunsa, ya share fuska da gefen rawani, sannan ya faɗi abin da ya ce bai taɓa gaya wa ko matarsa ba: tun daga ranar bai sake karɓar kuɗin fito daga hannun yaro ƙarami ba. Da an yanke shirun, da maganar ba ta yi nauyin da ta yi ba. Wannan haƙurin jiran mutum ya kai ƙarshen zancensa shi ne abin da nake nema a dokumentari, kuma ban cika samunsa a wani wuri ba.

Da aka kunna fitila aka ba da damar tambayoyi, wani tsoho da ke zaune a gabana ya ɗaga hannu. Ya ce, "'Yata, sannu da ƙoƙari. Amma ina da tambaya. Bawan Allahn nan ya buɗe miki cikinsa, ke kin zo nan ana tafa miki. Shi me ya samu?"

Ta miƙe tsaye kafin ta amsa. Ta ce, "Baba, ban biya shi don ya yi magana ba, don in na biya, abin da yake zaton ina so shi zai faɗa. Amma duk ranar da na hana shi aiki na ba shi abin da yakan samu a yini. Kuma kafin kowa ya gani, shi na fara kai wa. Akwai wuri guda da ya ce in cire, na cire."

Tsohon ya gyaɗa kai ya ce, "To madalla. Allah ya yi albarka."

Wannan 'yar musayar ta fi mini duk jawaban buɗe taro. Ba a samun irinta a YouTube, ba a samunta a falo. Sai an haɗa mai fim da mai kallo a ɗaki ɗaya, inda dattijo zai iya tsayar da yarinya ya tambaye ta haƙƙin wani, ita kuma dole ta amsa a gaban jama'a.

Kada a ɗauka ina raina finafinan Kano. Da su muka tashi tun bayan da fim ɗin Turmin Danya ya buɗe ƙofa a 1990, kuma masana'antar tana ciyar da gidaje masu yawa, har da nan Kaduna. Sai dai wanda ya zuba jarinsa yana jiran ya dawo, dole ya bi abin da kasuwa take so: fuskar da aka sani, waƙa a inda aka saba, labarin da zai ja zango bayan zango. Mai fim mai zaman kansa ya sauke wannan kayan ya ɗauki wani. Shi zai nemo kuɗi, shi zai yi tacewa a ɗakinsa da dare idan an kawo wuta, kuma ba shi da tabbacin ko mutum ɗari za su gani. Ladansa shi ne babu mai ce masa ya yanke shirun dattijo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a 'yan shekarun nan shi ne aikin 'yan'uwanmu na Nijar. Suna yin dokumentari da Hausa tsantsa, yana zaga duniya, mu da muke jin kowace kalma ba tare da fassara ba ba mu san da shi ba. Aicha Macky 'yar Damagaram ce. Fim ɗinta na 2016 a kan rashin haihuwa, wanda ta gina a kan rayuwarta ita kanta, ya ci kyautar dokumentari a gasar finafinan Afirka ta AMAA a shekarar. A 2021 ta fito da Zinder, ta shiga unguwar Kara-Kara, inda tun da can ake tura kutare da waɗanda gari ya ƙi, ta zauna da samarin ƙungiyoyin daba na wurin. Ka ga masu ɗaga ƙarfe suna neman hanyar mai da ƙarfinsu sana'ar gadi, ka ga tsohon shugaban daba da ya koma kabu-kabu yana fama da abin da ya aikata a baya, ka ga masu fasa-ƙwaurin fetur daga iyakarmu. Ba ta wanke su ba, ba ta kuma tsine musu ba. Mun kalle shi da wasu abokai a tsakar gida, an rataya farin zani a bango. Wani a cikinmu da ƙanensa ya taɓa faɗawa sara-suka bai ce uffan ba har aka gama, sannan ya roƙi a sake haska shi a unguwarsu.

Haka Sani Magori, mutumin Galmi. Ya yi fim a kan albasar garinsu a 2008, yadda auren wasu matasa ya rataya a kan farashin buhu. Daga baya ya yi Kukan Kurciya, inda ya nemo wata tsohuwar zabiya wadda waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su tafi ci-rani shekaru da dama da suka wuce, ya ɗauke ta har Abijan don ta yi wa mahaifinsa waƙar da za ta dawo da shi gida. Wane gida ne a Arewa ba shi da wanda ya tafi Kurmi ya daɗe? Finafinan nan an nuna su a Turai da rubutun fassara a ƙasan allo, Bature yana karanta rabin ma'ana. Mu da za mu ji habaicin zabiyar har ɓargo, sai wanda ya yi sa'a ya ci karo da su.

Kuma fassarar kullum hanya ɗaya take bi. Namu ake juya wa zuwa Turanci da Faransanci. Fim ɗin Senegal ko na Iran da za a kawo mana, da Turanci ake rubuta fassararsa, don haka mahaifiyata da maƙwabcina mai gyaran rediyo an riga an sallame su tun daga ƙofa. Garin da ya iya juya finafinan Indiya zuwa Hausa har yara suna haddace su bai rasa masu iya wannan aikin ba. Ina ganin da an sa murya ko rubutun Hausa a kan ko da finafinai kaɗan na kowane biki, da zaman rana ya canza kama.

Labarin Shaihu Umar kuwa tsoro yake ba ni. Adamu Halilu ya mai da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa fim a 1976, da Hausa, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihun. Shekaru da yawa ana ɗaukar fim ɗin ya ɓata. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai, wata cibiya a Jamus ta gyara shi, aka haska shi a bikin Balin a 2018. Wannan fim ne da hukuma ta ɗauki nauyinsa, daga littafin Firayim Minista, amma da ƙyar ya tsira. To ina ga abin da ba a taɓa ɗauka ba ko sau ɗaya?

A nan maganar ta iso gidanmu. Kawuna ya yi ƙuruciyarsa da ƙarfinsa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri. Masaƙar farko ta fara aiki a 1957, wasu suka biyo baya, har Kaduna ta zama garin yadi a ƙasar nan. Dubban mutane daga kowane lungu na Nijeriya suka cika Kakuri da Makera da Nasarawa, jiniyar canjin aiki ce agogon unguwa. Daga farkon shekarun 2000 ƙofofin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya san ƙarar kowace na'ura, ya san yadda ake gane zare zai tsinke tun kafin ya tsinke, ya san waƙar da ma'aikatan dare suke yi don korar barci, da yadda Bahaushe da Tibi da Ibo suke cin abinci a kwano ɗaya a bakin ƙofar masana'anta. Kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar injin. Abokan aikinsa kuwa kusan kowane wata sai ya je jana'izar wani ko gaisuwar wani.

Ba Kakuri kaɗai ba. Akwai maƙeran Panteka da ke ƙera injin niƙa da murhu daga ƙarfen da aka zubar. Akwai tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa. Akwai waɗanda suka yi aiki da Kasimu Yero da Samanja a gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Kasimu ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu, kuma waɗanda suka san yadda ake shirya wasannin nan suna ta raguwa.

Bayan bikin bara na tara wasu ɗalibaina na ajin ƙarshe, masu wayoyin da kyamararsu ta fi tawa kyau. Abin da na koya daga zaman rana shi na gaya musu. Hoto mai ɗan duhu mai kallo yana yafewa, sauti marar kyau ba ya yafewa, saboda haka kuɗin da muka haɗa ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga muka saya. A kashe janareta da fanka kafin a fara. A yi tambaya ɗaya a rufe baki. In tsoho ya yi shiru, kada a cike masa shirun. Kuma a nemi izini a bayyane, a gaya wa mutum inda za a kai maganarsa.

Ni na je neman izinin Kawu. Na same shi a ƙofar gida bayan la'asar, na durƙusa na gaishe shi, na yi bayani ta gefen kunnen da yake ji. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, wa zai zauna kallon tsohon lebura?"

Na ce, "Kawu, na ga an zauna an kalli mai fito, har an yi hawaye."

Ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, ba shi kaɗai ba; akwai abokansa da suka rage, har da wani Kirista ɗan Kudancin Kaduna da suka yi shekaru a kan layin injin ɗaya, kuma in ba a sa su ba to a bar maganar. Na biyu, kafin a kai shi kowane biki, na Kaduna ne ko na Abuja ko na ƙasar waje, a Kakuri za a fara haska shi, a fili, bayan isha'i, kyauta, don matan da suka sayar musu da abinci a bakin ƙofa su ma su gani. Mun amince. Mun fara ɗauka ranakun Asabar, kuma yanzu majigi muke nema aro da wanda zai ba mu fili.