Lahadi a Fryent: shinge, taɓo da ƙaya a tafin hannu

Yau ban koma barci ba bayan Asuba. Sanyin Fabrairu na ratsa bango, amma na riga na yi alkawari, sai na sha kunu da zafinsa, na zura takalmin roba na fita. Hajiya na zaune a falo da carbi, ta bi ni da kallo ta ce, "Kai da karatunka, ka zo har Landan ka koma sassabe, kuma kyauta?" Na ce, "Hajiya, gyaran daji ne." Ta ce, "Allah ya ba da lada, tunda ba kuɗi."

Daga gidanmu a Kingsbury zuwa Fryent tafiyar ƙafa ce kaɗan. Wanda bai sani ba zai wuce a mota ta titin Fryent Way, wanda ya raba wurin gida biyu, ya ɗauka fili ne kawai da ba a kai ga ginawa ba. Alhali hekta 103 ne na makiyaya da shinge da kududdufai a tsakiyar gidajen ƙaramar hukumar Brent ta Landan. Tun 1984 ƙungiyar 'yan sa-kai ta Barn Hill ke fitowa aiki a nan, ni kuwa wannan ne zuwana na uku, don haka har yanzu ɗan koyo ne, mai tura baro.

Aikin safe shi ne kwantar da shinge. Abin ya ba ni mamaki ranar da na fara gani. Ba a sare itacen gaba ɗaya. Ana sarar gindinsa da adda har ya rage ɗan siriri da ɓawo, sannan a kwantar da shi a karkace kan na kusa da shi, a kafa turaku a saƙa. Ta wannan ɗan abin da ya rage ruwa ke ci gaba da hawa, da bazara sai sabon tsiro ya fito daga ƙasa, shingen ya cika ya toshe. Wata dattijuwa Baturiya da ke nuna mini ta ce idan aka bar shi ya yi tsawo, ƙasansa kan zama wayam, tsuntsu ba ya samun maɓoya, bushiya ma haka. Kuma dole a gama kafin Maris, don daga nan har ƙarshen Agusta lokacin sheƙa ne, ba a taɓa shinge. Na tuna shingen bi-ni-da-zugu na gonar kakanmu a Funtuwa, wanda mu dai saboda awaki muka san shi. Wasu daga cikin layukan shingen nan suna cikin taswirar da aka zana a 1597, har yau suna inda suke. Na riƙe addar da ɗan ladabi bayan na ji haka.

Ladabin bai hana ƙaya shiga ta cikin safar hannuna ba. Laifina ne, na sayi mai araha.

Bayan shayi aka raba mu, ni da wasu uku aka tura mu hanyar da ke hawa tudu. A nan ne na ga abin da ya tsaya mini a rai yau. Ƙasar wurin yumɓu ce, irin ta Landan, ba ta shan ruwa, da hunturu sai ta zama kamar tuwon da bai nuna ba. Hanyar asalinta ba ta fi taku biyu ba. Amma kowa ya zo ya ga taɓo sai ya ɗan kauce gefe, na bayansa ya kauce gefen gefe, har wani wuri ta buɗe ta fi faɗin ɗakinmu. Na durƙusa na duba: sawun takalmi, sawun kare, tayar keke, da ciyawar makiyaya an murje ta cikin laka. Ciyawar nan ita ake bari ta yi fure, malam-buɗe-littafi ya samu abinci, sannan a yanke ta a yi ingirici da rani.

Da ina ɗauka masu son a gyara wa mutane hanya da masu son a bar wa namun daji wuri ba sa ga maciji. Har na taɓa jin wani yana cewa a bar taɓon, shi ke rage cunkoso. To ni abin da idona ya gani, taɓo ba ya korar kowa sai mai keken jariri da mai sanda da mai keken guragu. Masu ƙarfin ƙafa suna nan suna zuwa, sai dai su tattake gefe. Mun share ɗan lambatun da ganye ya toshe, muka zuba ɓarɓashin itace baro bayan baro, muka jera rassan da aka sare a bakin hanya. Ban gama miƙewa ba sai ga wata mata da karenta, ta bi tsakiyar abin da muka zuba tiryan-tiryan, ba wanda ya ce mata uffan.

Kafin in sauko na hau can ƙolin Barn Hill, mita 86, inda kududdufin yake. Na leƙa ko kwaɗi sun fara zuba ƙwai, ban ga komai ba sai inuwata. Bakan filin wasa na Wembley na tsaye ta kudu, tsirya kuma suna ta ƙara a kan bishiyoyi, korayen nan masu jan baki, irin waɗanda muke gani a gida.

Na dawo bayan Azahar, wando duk laka. Hajiya ta kama hannuna ta kai kusa da taga, ta ƙona bakin allura ta shiga tonon ƙayar, tana faɗa ina cije baki. Da ta fito da ita ta ɗora mini a tafin hannu, baƙa, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Can ta ce, "Hanyar da kuka gyara, mai ciwon gwiwa zai iya hawa?" Na ce rabinta dai, sauran sai an ƙara zubi. Ta ce in nemo mata takalmin roba lamba 39 kafin Lahadi mai zuwa.