Abin da Bayan Dutse Ya Koya Mini a Maƙera

Na bar shagon maƙeran fari inda na koyi sana'a a Gusau, kuma tunda abokan aiki suna ta tambayar dalili, na ga gara in rubuta abin da ya raba ni da maigidana. Duk wanda ya taɓa ɗaura dutse a zobe ya san cewa kafin a danne bakin gidan dutsen sai an tsai da shawara guda, wato a rufe bayansa da farantin ƙarfe ko a huda shi a bar shi a buɗe.

A wurin maigida babu wata shawara, kowane dutse rufe shi ake yi. Hujjar da yake ba masu saye ita ce ƙarko, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai zinari da giram ake sayar da shi, farantin nan na baya kuwa yana hawa sikeli tare da sauran zoben, yana kuma ɓoye tsaga ko tabon da ke ƙasan dutse.

Wata Hajiya ta kawo shuɗin yaƙutu na tsaunin Mambila, garai-garai, an yanka shi fuska-fuska, tana son a ɗaura mata a zinari mai karat 21. Na ce a bar bayan a buɗe, maigida bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kai yaro, yaushe ka fara koya mini aiki?" Na rufe kamar yadda ya umarta. Kafin hunturu ya wuce zoben ya dawo, dutsen ya dushe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Komai kyan dannewa, bakin gidan dutse ba ya hana ruwa shiga, hannun da ke alwala sau biyar a rana kuwa kullum cikin ruwa yake, ga sabulu, ga man shafawa, ga ƙurar hunturu. Duk suna sulalawa ta gefe su kwanta a ƙasa, babu ta inda za su fita. Dutse mai fuskoki yana ƙyalli ne saboda haske yana shiga ta sama, ya bugi fuskokin ƙasa, ya dawo ido, kuma da zarar maiƙo ya lulluɓe su sai hasken ya zurare. A gabana maigida ya ce mata, "Hajiya, ki yi haƙuri, hannun yaron ne bai nuna ba." Ni na yanke farantin da siririn zarto, na kwalfato wani baƙin maiƙo kamar ƙullin kwalli, na wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori, shuɗin ya dawo yadda yake. Kuɗin gyaran daga ladana aka cire.

Ban ce rufaffen baya ba shi da gurbinsa ba. Fairuza, wani dutse mai launin shuɗin sama, tana buƙatarsa, domin haske ba ya ratsa ta, taurinta a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin duwatsu da shi, tsakanin 5 da 6 yake alhali na yaƙutu 9 ne, kuma tana shan zufa da turare har launinta ya koma kore. Haka duk siririn dutse mai shimfiɗaɗɗen baya yana son abin da zai jingina a kai. Maƙeran Turai na ƙarni na 18 sukan shimfiɗa siririn falle mai ƙyalli a ƙarƙashin dutse sannan su rufe, kuma da danshi ya shiga sai fallen ya yi baƙi. Azurfa ma tana yin baƙi a rufe, ya kuma nuna ta cikin dutse mai garai.

Dutsen aƙiƙ kuwa mai shi ake tambaya, tunda dattawa da yawa sun fi son dutsen ya taɓa fata. Idan an huda, a bar ɗan gefen da dutsen zai zauna, a goge bakin ramin da magagari, a kuma tabbatar tsinin ƙasa bai kai ga yatsa ba.

Yanzu da nake zaman kaina, wanda ya ce yana son zobe mai nauyi ina ƙara masa zinarin a kaurin da'irar, inda zai gani da idonsa kafin a ɗora a sikeli.